Idan Za a Rage Ma'aikatan Muhalli, a Fara Ƙirga Aiki Kafin a Ƙirga Shekaru

Akwai wata magana da ke fitowa daga bakin manyan ma'aikata duk lokacin da aka fara raɗe-raɗin rage ma'aikata, ko aka kafa kwamitin tantancewa, ko sabuwar gwamnati ta hau ta ce albashi ya yi mata nauyi. Sai ka ji an ce, "Ai abin ba wuya, a fara da sababbin ɗauka." Ana faɗinta a natse kamar an kashe bakin zance, kuma da wuya ka ji mai musu, domin waɗanda abin zai shafa ba sa cikin ɗakin da ake shawarar. Suna can bakin kwata, ko kan juji, ko bakin kwari suna awo.

Wannan magana tana ba ni haushi, musamman in aka kawo ta kan ma'aikatan tsabtace muhalli. Ra'ayina a nan shi ne: daɗewa a aiki ma'auni ne mai kyau na raba gardama tsakanin mutum biyu masu aiki iri ɗaya. Amma ba daidai ba ne a shimfiɗa shi a kan hukuma sukutum, tun daga darakta har mai shara, a jera su layi ɗaya a yanke daga ƙasa. In aka yi haka a hukumar muhalli, masu yin aikin ne za su tafi, masu sa hannu a takarda su zauna. Garin Gombe kuwa ba zai jure wannan ba ko na damina ɗaya.

Abin da doka ta faɗa da abin da ake yanke mata

Masu cewa a fara da sababbi sukan jingina da Dokar Ƙwadago, sashe na 20. Gaskiya ne sashen ya ce in ma'aikata sun yi yawa, wanda ya shigo a ƙarshe shi ne zai fara fita. Amma a karanta shi har ƙarshe. Ya ce za a yi hakan ne a cikin rukunin ma'aikatan da abin ya shafa, kuma da sharaɗin a duba cancanta, wato ƙwarewa da iya aiki da riƙon amana. Ya kuma wajabta a sanar da ƙungiyar ƙwadago dalili da yawan waɗanda za a sallama, a yi iya ƙoƙari a daidaita kan kuɗin sallama. Rukuni da cancanta, waɗannan biyun su ne ake haɗiyewa idan ana ambaton dokar.

Akwai kuma wani abu da ba kowa ya lura da shi ba. Ma'anar ma'aikaci a wannan doka ba ta haɗa da masu aikin gudanarwa da masu aikin fasaha da ƙwararru ba. Ke nan mai shara da leburan mota suna cikinta, amma duba-gari mai lasisi da mai awon ruwa a ɗakin gwaji da injiniya suna ƙarƙashin dokokin aikin gwamnati ne da takardun umarni da ke fitowa daga ofishin shugaban ma'aikata. Makomarsu tana hannun kwamiti. In kwamitin ya zaɓi hanya mafi sauƙi, ranar fara aiki kawai zai duba.

Ko a Amurka, inda aka rubuta ƙa'idar rage ma'aikatan tarayya filla-filla, abu huɗu ake dubawa: irin ɗaukar da aka yi wa mutum, ko tsohon soja ne, shekarun aikinsa, da sakamakon aikinsa. Ana fara ware kujeru masu aiki iri ɗaya rukuni-rukuni. Wanda ya fi matsayi a jerin yana iya ture na ƙasa da shi ya hau kujerarsa, amma sai in ya cancanci aikin kujerar. Duk da haka, da aka tashi rage ma'aikata a farkon 2025, dubban waɗanda ke lokacin gwaji ne suka fara karɓar takarda, domin su ne mafi sauƙin sallama. Sauƙin sallama dai ba shi ne rashin amfani ba.

Dalilin da ya sa na ƙasa su ne na fili

Ma'aikacin gwamnati yana ritaya ne in ya cika shekara 60 a duniya ko 35 a aiki. Sabon ɗauka yana yin shekara biyu ta gwaji kafin a tabbatar da shi. Ƙarin girma kuma yana zuwa ne bayan aƙalla shekara biyu ga masu mataki na 06 zuwa ƙasa, shekara uku daga mataki na 07 zuwa 14, shekara huɗu daga nan zuwa sama. Wanda ya shigo da digiri a mataki na 08, in abubuwa sun tafi daidai, cikin shekara 15 zuwa 20 ya kai mataki na 13 ko 14. A lokacin ya zama shugaban sashe. Aikinsa taro ne da rahoto da kasafi, kuma tsarin ne ya mai da shi haka, ba lalaci ba.

Sannan gwamnatocinmu sukan yi shekaru sun rufe ƙofar ɗaukar aiki, sai a buɗe a ɗauki mutane a dunƙule, a sake rufewa. Abin da ke faruwa shi ne sama ta cika, tsakiya ta yi rami, ƙasa kuma ta zama 'yan tsiraru da suka shigo tare. Waɗannan 'yan tsirarun su ne masu hawa babur su je duba rijiya a ƙauye, su ne masu riƙe na'urar awo, su ne suka san yadda ake ɗora wuraren tara shara a taswirar kwamfuta.

A ɗauka, don misali kawai, hukuma tana da ma'aikata 200, an ce ta rage 40. In 60 daga cikinsu ne ke fita fili kullum, kuma yawancinsu sababbi ne, to yanka daga ƙasa zai iya kwashe 30 daga cikin 60 ɗin. A takarda an rage kashi 20 cikin ɗari na ma'aikata. A titi an rage rabin aiki. Kuma tunda albashin ƙaramin ma'aikaci bai kai rabin na babba ba, kuɗin da aka yi tsiminsa ma bai taka kara ya karya ba. In adadin naira aka ba kwamiti ya cike, sai ya sallami ƙananan da yawa kafin ya kai.

Abin da ke tsayawa

Mu fara da shara, tunda ita kowa ke gani. Ƙiyasin da aka saba aiki da shi a garuruwanmu shi ne kusan rabin kilo ga kowane mutum a rana. Unguwa mai mutum 20,000 ke nan tana fitar da kusan tan 10 kullum, sawun tifa uku ko huɗu. Ƙuda yana tashi daga ƙwai zuwa mai fiffike cikin kwana 7 zuwa 10 a lokacin zafi, sauro ma haka a ruwan da ya kwanta. Shi ya sa juji ba ya jiran a gama zaman kwamiti. In kwashewa ta wuce mako guda, an riga an ƙyanƙyashe sabon zubi.

Motar nan mai matse shara kuma ba kowane direba ke iya ta ba. Sharar Gombe cike take da yashi da toka, domin tsakar gida ake sharewa a haɗa da komai. In lebura bai san ya ware ɓaraguzan gini da duwatsu ba, ya zuba su cikin mota, farantin da ke matsewa zai lanƙwashe ko tiyon mai ya fashe. Bakaniken da ya san layin man haidirolik, ya san wane mai ake zubawa da lokacin canza matata, sau da yawa mutum ɗaya ne ko biyu a duk garejin, kuma sau da yawa an horar da shi ne lokacin da aka sayo motocin. Ranar da ya tafi, mota ta farko da ta lalace za ta zauna kan duwatsu, a riƙa cire mata kaya ana gyara ta biyu, har ita ma ta zauna. Motar miliyoyin naira ta tsaya saboda an yi tsimin albashin mutum ɗaya.

Sai magudanan ruwa. Garin Gombe a gangare yake, ƙasarsa yashi ce mai saurin zaizayewa, ruwa yana saukowa daga tudu da ƙarfi ya ratsa unguwanni. Yasar kwata aiki ne na watan Afrilu da Mayu, kafin ruwa ya zauna. Kuma yasa kaɗai ba ta isa ba. In aka fito da laka aka tara a bakin kwata, dole tifa ta kwashe ta cikin kwana ɗaya ko biyu, in ba haka ba ruwan farko zai mai da ita inda ta fito. Masu shebur da direban tifa da mai lodi tawaga ɗaya ce. Cire ɗaya daga ciki, aikin sauran ya tashi a banza.

An kashe maƙudan kuɗi wajen gyaran kwaruruka a wannan gari, ta shirin yaƙi da zaizayar ƙasa na NEWMAP da Bankin Duniya ya tallafa wa, kamar kwarin da ya bi ta Jami'ar Jihar Gombe zuwa Malam Inna, sannan ta shirin ACReSAL da ya biyo baya, kamar kwarin Kwalejin Ilimi ta Tarayya. Ɗan kwangila yana gama aikinsa ya tafi. Abin da ya rage shi ne kulawa, ita kuwa aikin ma'aikacin gwamnati ce. Bayan kowane ruwa mai ƙarfi sai an bi magudanar da ƙafa. Ana duba mahaɗar kankare, domin in ta tsage ruwa zai shiga ƙarƙashi ya kwashe yashi, kankaren ya zama a sama ba abin da ya tallafe shi, wata rana ya rufta gaba ɗaya. Ana duba 'yan ramukan da ke fitar da ruwan bayan bango ko sun toshe. Ana duba ragar ƙarfen da aka cika da duwatsu ko an yanke waya, da layin ciyawar jema da aka dasa tazarar santimita 10 zuwa 15 ko dabbobi sun tattake. Tsagewar da buhun siminti biyu zai rufe a watan Yuni, in aka bar ta zuwa Agusta sai sabuwar kwangila. Waɗanda shirye-shiryen nan suka horar kan wannan aiki da yawansu matasan jami'ai ne da aka aro daga ma'aikatu. In sun koma gida, a jerin ma'aikata suna can ƙasa. Haka ma itatuwan shirin Gombe Goes Green da aka fara a 2019: dashe ba shi ne wahala ba, ban-ruwan ranin farko da kare su daga awaki shi ne aikin, kuma ba darakta ke yin sa ba.

Wurin da abin ya fi tayar mini da hankali shi ne lokacin annoba. A 2021 mutum sama da 100,000 aka yi zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, maƙwabciyarmu Bauchi kuma tana sahun gaba a yawan waɗanda suka kamu. Abin da ke tsayar da cutar a unguwa ba wani abin mamaki ba ne, hodar kulorin ce da mutumin da ya san haɗa ta. A ɗauki hoda mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, giram 30, wato cokali biyu na cin abinci ba tozo. A lita ɗaya ta ruwa, ya zama haɗin da ake zubawa kan amai da bayan gida da wanke gawa. A lita 10, na wanke daɓe da gado da tufafi. A lita 40, na wanke hannu. Biyun ƙarshe kullum ake sabunta su, kuma ba a haɗawa a bokitin ƙarfe. Na ruwan sha kuwa daban ne: sai an bar ruwa ya kwanta in yana da laka, a zuba, a jira minti 30, a auna a ga abin da ya rage ya kai rabin miligiram a lita. Hodar da ta daɗe a sito mai zafi ƙarfinta ya ragu, shi ya sa ba a dogara da cokali kaɗai, sai an auna.

Yanzu a ce an sallami mutum shida da suka saba wannan aiki, an miƙa wa wanda rabonsa da taɓa hodar shekara 20. In ya zuba da yawa mutane su ji wari su ƙi shan ruwan, su koma rijiyar da ta gurɓace. In ya zuba kaɗan su sha da kwanciyar hankali, cutar na ciki.

Haka yake ga masu yasar masai da sokawe. Iskar da ke taruwa a ramin tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, amma in ta yi yawa hanci ma ya daina jin ta, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Wanda aka horar ya san a buɗe murfi a bar rami ya sha iska, ba a shiga ba igiya a ƙugu, kuma na sama ba ya dira don ceto. Yawancin lokacin da aka ji mutum biyu ko uku sun mutu a rami ɗaya, na biyu da na uku masu ceto ne.

Zamfara ta nuna mana iyakar abin. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinare a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun nuna cewa magani ba zai yi amfani ba in yaro zai koma ya yi rarrafe a kan ƙasa mai guba, don haka sai an fara kankare ƙasar tsakar gida, gida-gida, an binne ta a rami na musamman, an shimfiɗa sabuwa. Ana ɗora wata na'ura a ƙasa ta nuna yawan dalmar kafin a haƙa da bayan an haƙa. Ƙauyen Bagega da ke Anka sai 2013 aka yi nasa. A 2015 abin ya sake ɓulla a Shikira ta Jihar Neja. Ilimin wannan aiki a hannun mutane ƙalilan yake, waɗanda suka koye shi a fili. Mu nan ana haƙar ma'adinai da hannu a sassan Bauchi, ana fasa tsofaffin batura a kasuwanninmu, akwai kwal a Maiganga, akwai siminti a Ashaka, ga man Kolmani da aka ƙaddamar da aikinsa a Nuwamban 2022 a kan iyakar Gombe da Bauchi. NESREA mai tilasta bin dokokin muhalli da NOSDRA mai kula da malalar mai hukumomin tarayya ne, amma in wani abu ya zuba, jami'in jiha ko na ƙaramar hukuma ne zai fara isa wurin. Jihar da ke wannan hali ƙarin masu awo take buƙata.

"In ba a bi shekaru ba, son kai za a bi"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ban raina ta ba. Duk wanda ya san aikin gwamnati ya san abin da kalmar cancanta ke zama in ta shiga hannun mai son zuciya. Sai ɗan gidan wane ya zama ƙwararre dare ɗaya, wanda ya taɓa yi wa shugaba gardama ya zama maras amfani. Ranar fara aiki kuwa lamba ce a fayil, ba ta san ɗan jam'iyya ba, ba ta san ƙabila ko addini ba. A jiha irin tamu mai ƙabilu da yawa, wannan kariya ce ta gaske, kuma shi ya sa ƙungiyoyin ƙwadago suka riƙe ta gam.

Amma maganin son kai shi ne a sa ma'aunin da ido ke gani. Aikin muhalli yana da wannan sauƙin, domin ana iya gwada shi a fili. A ba mutum hoda da bokiti da na'urar awo a ce ya haɗa. A ba direba mota a ce ya ɗaga ya matse ya juye. A ce wa duba-gari ya nuna lasisinsa na majalisar kula da lafiyar muhalli ta ƙasa, wadda dokar 2002 ta kafa, a ga ko yana sabunta shi. A yi gwajin gaban wakilin ƙungiyar ƙwadago da mai jarrabawa daga waje, misali malami daga kwalejin kiwon lafiya ta Kaltungo. Wanda ya iya kowa ya gani, wanda bai iya ba kowa ya gani. Ba wanda zai ce a bayan ƙofa aka yi.

"Dattawan fa? Su ne suka san aikin"

Wasunsu ƙwarai kuwa. Akwai tsohon duba-gari da ya san inda tsohuwar magudana ta bi a ƙarƙashin shagunan da aka gina daga baya, ya san wace rijiya ce ke kusa da masai a Jekadafari ko Bolari, ya san mai unguwar da in ya yi magana za a fito aikin gayya. Babu taswirar da ke ɗauke da wannan. In yaro sabon ɗauka ya je gida ya ce a rufe masai mai tsiyaya, sai a ce masa, "Kai yaro, ɗan wa ne kai?" In dattijon ya je, sai a shimfiɗa masa tabarma a ce, "Baba, yadda ka ce haka za a yi."

Don haka ban ce a juya layin a fara yanka daga sama ba. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Mutumin da ya yi shekara 30 yana aiki, saura masa biyar, ga 'ya'ya a makaranta, ba adalci ba ne a tura shi gida ya shiga layin jiran garatuti. Abin da nake cewa shi ne dattijon da ke aiki da gaske gwajin fili ba zai kayar da shi ba, shi ne ma zai zo na ɗaya. Wanda tsarin shekaru zalla ke karewa shi ne wanda ya daɗe bai yi komai ba, kuma yana kare shi ne da kujerar wanda ke yi.

"Sai a ba 'yan kwangila"

Ana iya ba kamfani shara da kwashewa, ana ma yi. Gwamnatin tarayya ta bi wannan hanya tun zamanin Obasanjo, ta fitar da aikin masu shara da masu gadi zuwa kamfanoni. Amma ɗan kwangila sai da mai duba shi. Wa zai ƙirga sawun tifa? Wa zai bi ya ga an kai sharar inda aka ce, ba a juye ta a kwarin da ke kusa ba don a rage shan mai? Wa zai tabbatar an rufe ta da ƙasa, kamar santimita 15 kullum, maimakon a cinna mata wuta? Wa zai duba sharar asibiti, ya ga kwalin allura bai wuce kashi uku cikin huɗu ba kafin a rufe, ya ga murhun ƙonawa ya kai zafin digiri 800, tunda ƙasa da haka hayaƙi mai guba yake fitarwa? In an sallami masu dubawa sannan aka ba da kwangila, gwamnati za ta riƙa biyan kuɗi a kan takardar da mai karɓar kuɗin ne ya rubuta ta.

Masu cewa a sake horar da waɗanda suka rage kuwa, su faɗi da wane kuɗi, tunda rashin kuɗi ne ya kawo ragin tun farko.

Waɗanda ko layin ba sa ciki

Duk wannan muhawara ta masu lambar fayil ce. Matan da ke share manyan tituna da asuba, da tsintsiya mai dogon kara da riga mai ƙyalli, motoci na wuce su a guje, da samarin da ke loda tifa, da yawansu na wucin gadi ne. Wata ta yi shekara takwas tana shara, amma a lissafin daɗewa ba ta da ko kwana ɗaya. In kuɗi ya yi ƙasa, su ake fara cewa su dakata, ba takarda, ba sallama. Alhali Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci rubutacciyar yarjejeniya cikin wata uku da fara aiki, kuma wanda ya yi shekara biyar ko fiye sai an ba shi sanarwar wata guda, wanda ya yi shekara biyu zuwa biyar mako biyu. In har da gaske ake girmama daɗewa, to a fara ƙirga tasu.

Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora kwashe shara da kula da masai na jama'a a wuyan ƙananan hukumomi, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ake maganar kuɗinsu ya riƙa zuwa hannunsu kai tsaye. Ga mafi ƙarancin albashi da ya koma naira 70,000 a 2024. Shugabannin ƙananan hukumominmu 11 za su ji matsi, kuma sashen tsabta ne mafi sauƙin taɓawa, domin ma'aikatansa ba su da murya.

Yadda ya kamata a yi in ragin ya zama dole

Kafin a taɓa mai rai, a gama da ma'aikatan bogi da masu karɓar albashi biyu da waɗanda suka rage shekarun haihuwa. Bayan haka a buɗe ƙofar ritaya ta ganin dama ga waɗanda saura musu shekara biyu ko uku, da sharaɗin kuɗinsu ya shiga asusu kafin su ajiye aiki. Ba wanda zai yarda ya tafi a kan alkawari.

Sannan hukuma, ko GOSEPA ce, wato hukumar tsabtace muhalli ta Jihar Gombe, ko sashen tsabta na ƙaramar hukuma, ta zauna ta rubuta ayyukan da ba za su iya tsayawa kwana biyu ba: kwashe shara a kasuwa da mahauta, gyaran motoci, awon ruwa, feshi da haɗa kulorin, sharar asibiti, bin magudanai. A gaban kowane aiki a rubuta mutum nawa yake buƙata, kuma kada ya gaza biyu da suka iya, domin mutum yana ciwo, yana hutu, yana tafiya aikin Hajji. Daga nan a ware ma'aikata bisa aikin da suke yi da hannunsu, ba bisa sunan muƙamin da ke takarda ba. Direban mota mai matse shara da direban shugaba duk direbobi ne a fayil, amma ba rukuni ɗaya ba ne. A cikin kowane rukuni, bayan gwaji, in mutum biyu sun yi kunnen doki, a nan ne shekaru za su raba, wanda ya daɗe ya zauna.

A liƙa jerin a allo da makin kowa, a ba da mako uku na ƙorafi. A zauna da ƙungiyar ƙwadago tun daga farko. Kaduna ta sallami dubban ma'aikata a 2021 ba tare da an daidaita ba, a watan Mayu yajin aikin gargaɗi ya ɗauke wuta ya tsayar da jirgin ƙasa. A ajiye sunayen waɗanda aka sallama, in an buɗe ɗaukar aiki su ne farko.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Kada a sallami ma'aikacin tsabta tsakanin Afrilu da Oktoba, lokacin yasa da ambaliya da kwalara. In za a yi, a yi a Nuwamba ko Disamba, a ba da wata uku na miƙa aiki. Miƙa aikin kuma ba takarda mai shafi ɗaya ba. Mai tafiya ya ɗauki mai karɓa su zaga tare, ya nuna masa kowace mahaɗar kankare da ke tsagewa, rijiyoyin da ake sa wa ido da sakamakon awonsu na baya, motar da ke shan mai da wadda tiyonta ya kusa, inda makullin sito yake da ranar da aka sayo hodar da ke ciki, da lambar wayar masu unguwanni. Shugaban sashe ya sa hannu cewa an yi zagayen kafin ofishin albashi ya cire sunan kowa.